Mutumin da Ke Bayan Labule

Wudil,
Juma'a, 9 ga Yuni, 2023.

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna kowace safiya.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce Hansai ta Wudil, wadda mahaifiyata da kakarka ta wajen uba suke ciki ɗaya. Sau biyu ka taɓa zuwa gidana. A na biyun kana ɗan shekara bakwai, ka fasa min tulu ka ce kaza ce. Tulun na yafe, ƙaryar ce dai ban manta ba.

Kada ka ce don me ban kira ka ba. Suwaiba 'yata ta aiko min da waya daga Gombe, amma kunnen hagu ya riga ya yi sallama da ni, na dama kuma likita a Kano ya ce yana bin sahu, da wuya ya kai baɗi. In an kira ni sai in yi ta na'am, na'am, ban san me nake amsawa ba. Hannu kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da alli a firamare, bai manta rubutu ba. Lukman direba, mai kai shanu Agege daga kasuwarmu ta Juma'a, shi zai kawo maka wannan, ta hannunsa kuma za ka ba da amsa.

Makon jiya na je suna a Lajawa, mahaifiyarka take gaya min kamfaninku ya karɓi gyaran tsofaffin kaset na gidan talabijin, har da wasan nan na barkwanci, Shagon Sabo Tela, kuma wai kai ne a kan sauti. Ba a haife ka ba lokacin da ake yinsa, don haka bari in ba ka labari. A zauren gidan nan aka ɗauke shi, duk Asabar, har shekara uku. Shagon mai gidan nan suka ara, Allah ya jiƙansa, da keken ɗinki da almakashi har da labulen. Ni kuwa abin da na samu a ciki shi ne dafa wa ƙatti goma sha biyu abinci da wanke kwanukansu.

'Yan jami'a biyu da ke haya a ɗakunan baya suna da guntayensa a waya. Sai in gan su suna riƙe ciki, ɗaya ta ce wa ɗaya, “Saura maɓalli kawai,” yadda Sabo ke gaya wa mai kaya alhali yadin ko yanka shi bai yi ba. Sun kara min a kunne, ba abin da na ji sai shuuu kamar ruwa a kan kwano.

Roƙona ɗaya ne. Ka aiko min da na ranar da Sabo ya ɗinka wa ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka kula min da sautin sosai. Ina so in ji duk abin da ke ciki tun kunnen nan yana tare da ni.

Wassalam.
Goggonka, Hansai.


Agege, Legas,
25 ga Yuni, 2023.

Zuwa ga Goggo Hansai,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Goggo da girmamawa. Ya gwiwar, ya kunnen? Allah ya ba da sauƙi. Maganar tulu kuwa na amsa laifina, kazar ba ta san komai ba.

Goggo, wallahi takardarki ta yi min daɗi. Shekarata huɗu a garin nan ba wanda ya rubuto min ko layi ɗaya da hannu. Ban taɓa sanin a zaurenku aka yi wasan nan ba. Wata uku ke nan ina kallon bangon gidanku kullum ban sani ba.

Kashi ɗari da wani abu aka yi, ashirin da bakwai kawai suka tsira. Kaset ɗin sun sha danshi a sito, sau ɗaya tak ake iya juya kowanne a na'ura, daga nan sai ya marmashe. In mun kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, sai ni kuma in zauna in tace sautin. A ofishinmu ni kaɗai ke jin Hausa. Sai in toshe kunnuwa ina aiki, dariya ta kufce min, abokan aiki su juyo su tambaye ni mene ne. In na fassara musu sai abin ya mutu a bakina, su yi murmushin ladabi su koma kan aikinsu. Ban san dariya ma tana sa mutum kewar gida ba sai a nan.

Na yi ta tunanin abin da ya sa wasan bai tsufa ba. A ganina don kowa ya taɓa tsayawa a gaban tela ranar jajibirin salla ne. Kuma Sabo ba mugu ba ne, mutum ne da bakinsa ba ya iya cewa a'a. Na nemi labarin waɗanda suka yi shi, aka ce min Malam Ɗanlami darakta ya rasu, Muttaka da ya fito a Sabo shi ma ya rasu, Ladi mai zuwa karɓar ɗinkinta tana masifa kuma ba wanda ya san inda take.

Na gane abin da kike so, kada ki damu. Sautin ya yi datti ƙwarai. Akwai ƙarar keken ɗinki da ke danne magana, akwai akuya, akwai tari, ga wani bawan Allah da ya zauna dab da makirufo yana ta dariya ba a ganinsa. Duk ina cire su ɗaya bayan ɗaya. Na gama ashirin. Naki zan tafi da shi gida in yi shi a tsanake ranakun Lahadi, har sai kowace kalma ta fito tas.

Ɗanki,
Nu'uman.


Agege,
30 ga Yuli, 2023.

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ban ga amsarki ba, na ce ko damina ce ta riƙe Lukman. Yau ya zo, ya ce motarsa ta yi wata guda a gareji a Mokwa, bai ko isa Wudil ba ya juyo, takardata ta farko ma tana cikin jakarsa. To ga wannan ta same ta, sai ki karɓe su tare.

A cikin ambulan akwai memori, na kuma saya miki 'yar rediyo mai cin memori, mai ƙara sosai. Lahadi huɗu na yi a kansa. Ba yabon kai ba, Goggo, ko allura ce ta faɗi a bakin Sabo za ki ji. Ba sauran wata hayaniya a ciki. Sauran kashi ashirin da shida ma mun gama mun miƙa.

Ina jiran in ji yadda kika yi dariya.

Nu'uman.


Wudil,
18 ga Agusta, 2023.

Nu'uman,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gero ya fara fitar da kai.

Takardunka biyu sun zo rana ɗaya, da rediyo. Na karanta ta farko, sannan na kunna. An gode. Allah ya yi albarka, ya saka da alheri. Aiki ya yi tsafta, ko a makaranta ne sai in ba ka goma bisa goma.

Ba sai ka sake wahalar da kanka ba.

Hansai.


Agege,
10 ga Satumba, 2023.

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa. Goggo, lafiya kuwa? Wadda ta tuna min tulun shekara ashirin da biyar ba ita ce ta rubuta takardar nan ba. Na karanta ta ya fi sau goma. Ko rediyon ce ba ta da ƙara? Ko kunnen ne ya ƙara nauyi kike ɓoye min? Na tambayi Lukman, ya ce ya same ki zaune a zaure ke kaɗai, kin karɓi saƙon gaisuwata kin ce madalla.

Akwai kuma abin da ke damuna, wataƙila ke za ki warware min. An tara wasu Hausawan Agege an nuna musu gyararren wasan. Sun yaba, amma dariyar ba ta kai yadda na zata ba. Wani dattijo ya ce kamar miya ce da aka manta gishiri. Da na sake kallo sai na lura, duk lokacin da Sabo ya saki magana sai ya tsaya, ya saci kallon hagu wajen labule, yana jira. Ladi ma haka. Yanzu wajen shiru ne fayau, abin har yana ba ni tsoro. Me suke kallo a can?

Ɗanki,
Nu'uman.


Wudil,
20 ga Oktoba, 2023.

Ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri. Lukman ya zo sau uku ina ce masa ban rubuta ba. Lafiyar jiki da sauƙi, an yanke gero, dawa ta kusa. Kunnen kuwa yanzu kiran salla ma sai iska ta juyo da shi nake ji.

Ka tambayi me suke kallo. Mai gidan nan suke kallo.

Muttaka ko zare bai iya zurawa a allura ba. Keken da ke gabansa ba bel a jikinsa, ƙafa kawai yake kaɗawa. Shi kuma mai gidan yana bayan labule da keke na biyu, yana ɗinkin mutane na gaskiya, don bai yarda Asabar ta tafi a banza ba. In Muttaka ya kaɗa ƙafa sai shi ya taka. Ƙarar da ka ce tana danne magana, ƙafarsa ce.

Kuma wasan nan ba a rubuce yake ba. Malam Ɗanlami zai zaunar da su a tabarma ya ce, yau ango ne zai zo karɓar wando, ku san yadda za ku yi. Shi ke nan. Abin awonsu ɗaya ne. In na bayan labule ya yi dariya, an wuce wajen. In bai yi ba, a sake. Domin mutum ne mai nauyin baki, kafin ka ga haƙorinsa sai ka yi da gaske. Shekara ashirin da tara muka yi tare, dariyar da ya yi a tsakar gida zan iya ƙirga ta da yatsu. Amma in Muttaka ya kama shi, sai ka ji ta fashe kamar an kwance bakin buhu. Ba don mutanen Kano suke wasan ba, ɗana. Don su karya mutum ɗaya suke yi, sauran jama'a suka samu rabo. Kai ka ce don kowa ya taɓa tsayawa gaban tela ne. Wannan ma gaskiya ne, amma rabi.

Shekararsa goma sha huɗu a ƙasa. Hotonsa ɗaya ne a gidan nan, na katin shaida, ya ɗaure fuska kamar an kawo masa sammaci. Muryarsa babu ita a ko'ina. Kuma na fara manta ta. In na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, sautin ne ba ya zuwa. Sabo da wandonsa ba su dame ni ba, na ga ƙarshen labarin tun kafin a haife ka. Na zaɓi wannan ne don Malam Ɗanlami ya taɓa cewa ranar ce mai gidan ya fi yi musu ɓarna.

Na yi fushi da kai wata biyu, fushi mai tsanani. Da na kunna na ji komai tas ban da shi, sai na ji kamar ranar ce aka fita da shi daga zauren nan. Daga baya na ga laifin nawa ne. Mace irina, wadda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ta yaya za ta ce wa ɗanta tana kewar dariyar mijinta? Sai na yi ta kewaye-kewaye, na ce ka kula da sauti, ka kuwa kula. Yau dai na ajiye kunya na faɗa.

In akwai yadda za a yi, ka yi da wuri. In babu, ka gaya min gaskiya, kada ka ce min saura maɓalli.

Goggonka,
Hansai.


Agege,
5 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga Goggo Hansai,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin in fara.

Gaskiyar ita ce, kashi ashirin da shida sun tafi. Kaset ɗin sun marmashe. Kwafin farko, wanda ba a taɓa ba, akan ajiye shi har a miƙa aiki, daga nan a goge don a samu wurin wani. Ni na goge su da hannuna a watan Agusta, ina jin daɗin na kammala. Na yi kwana uku ina bin kwamfutocin ofis ko wani ya kwafa, babu. Shekara uku na dariyar maigidanki Baba Ya'u, Allah ya jiƙansa, ni na share ta, ina ce mata datti. Ban san inda zan sa kaina ba.

Amma naki a gida na yi shi, a kan kwamfutata. Ina da wata al'ada, duk abin da na cire sai in tara shi gefe, in saurara, don kada in haɗa da maganar 'yan wasa. Na ofis sun tafi tare da sauran. Na gida yana nan, ban share ba, mantuwa ce kawai ba dabara ba.

Abu biyu ne a memorin nan. Na ɗaya wasan ne, na mayar masa da komai inda yake. Na biyu abin da na cire ne zalla, minti goma sha ɗaya, ba Sabo ba Ladi. Keke ne da akuya da shi. Na ɗaga sautin iya yadda zai ɗagu ba tare da ya fashe ba.

Ranar Lahadi na zauna a ɗakina na saurare shi. Wata biyar ina jin mutumin nan ina tsaki. Wannan karon da ya fashe da dariya sai na bi shi, na yi ta yi har hawaye, daga nan kuma ban san lokacin da abin ya koma kuka ba.

Na roƙi Lukman kada ya tsaya ko'ina.

Ɗanki,
Nu'uman.


Wudil,
1 ga Disamba, 2023.

Ɗana,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an shigo da dawa. Ka daina neman gafara, ka ishe ni.

Na ji shi. Da hantsi na shiga zaure na zauna inda keken yake a da, na manna rediyon a kunnen dama, na danna da tafin hannu. Daga nesa yake zuwa, kamar yana ƙetaren kogi, amma shi ne. Abin da ban shirya masa ba shi ne, ashe yaro ne. Ni tsoho nake ta nema a raina, mai tari da furfura. Wannan kuwa bai kai talatin da biyar ba, Suwaiba ma yanzu ta girme shi. Na zauna ina jin saurayin mutum yana dariya a kunnen tsohuwa. Na ji daɗi, na kuma ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a takaba.

'Yan jami'ar nan na ba su na ɗayan, wato wasan da ka mayar wa komai. Suka ce wannan ne na gaske, wai in ya yi dariya dole ka yi ko ba ka ji abin da aka faɗa ba.

Saura abu ɗaya. Wajen ƙarshen na biyun, akwai ƙarar kwano, sai keken ya tsaya, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, wata murya ta amsa. Na maimaita har batir ya mutu, kalma ɗaya ban kama ba. Rabi maƙwabciyata kunnenta garau, amma ba na so in karɓi maganarsa daga bakinta, gobe a ji ta a bakin famfo. Kai ka rubuto min. Yadda take, kada ka gyara, kada ka tace.

Hansai.


Agege,
17 ga Disamba, 2023.

Goggo,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Na san wajen. Na so a ce ba ki tambaya ba, amma ga shi yadda yake.

An ajiye kwano a ƙasa. Muryar mace ta ce, “Ga ruwa.”

Shi kuma a hankali ya ce, “Hansai, tsaya kaɗan ki ji wannan. Yanzu zai gwada wandon.”

Ta ce, “Ni wanki ne da ni.”

Sai takun tafiya. Keken ma bai motsa ba. Sannan ango ya zura ƙafa, shi kuma ya yi dariya.

Maigidana a ofis ya yarda a musanya wannan kashin da wanda na mayar wa sauti. Zan miƙa a farkon wata. Muryarki tana ciki, duk mai kunne mai kyau zai ji. In kina so in cire wajen, minti ɗaya ne aikin.

Ɗanki,
Nu'uman.


Wudil,
Juma'a, 29 ga Disamba, 2023.

Ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Rediyon na ajiye ta, tun makon jiya ko na manna ba na jin komai sai motsinta a hannu. Alhamdu lillahi da ka yi sauri.

Kada ka cire. Ka bar ta yadda take, duk wanda zai ji ya ji.

Na kwana biyu ina neman ranar nan a kaina, ban same ta ba. Ba don na tsufa ba ne. Don ba sau ɗaya ya faɗa ba. Kusan duk Asabar in na kai ruwa sai ya ce in tsaya, ni kuwa haushin kwanuka da hayaniya ya cika ni, kullum da abin da zan ce. Shekara uku mutumin nan yana dariya taku goma daga inda nake, ko sau ɗaya ban tsaya na ga fuskarsa ba.

In ka zo gida ka biyo ta Wudil, ka kwana biyu. Ba zan ji abin da kake faɗa ba, amma zan zauna.

Wanki ne kawai, Nu'uman. Kuma rana tana nan har la'asar, ko na tsaya zai bushe.

Allah ya tsare min kai.
Goggonka, Hansai.